Abin da Unguwa Ke Iya Yi wa Birni, da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

A daren Litinin 9 ga Satumba zuwa asubahin Talata 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shiga Maiduguri yayin da yawancin mutane ke barci. Kafin rana ta take, ruwa ya cinye unguwar Gwange, ya shiga babbar kasuwar Monday Market, ya mamaye harabar fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni sama da 270 suka fice, ya kuma kwashe dabbobin gidan namun daji. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa sama da mutum 400,000 ne suka bar gidajensu. Sojoji sun fito da manyan motoci, jami'an agajin gaggawa na tarayya da na jiha sun iso, an sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a baya. Sai dai duk wanda ya bi labarin da idon basira ya lura cewa a sa'o'in farko, lokacin da rai ke kan siraɗi, matasan unguwa da masu kwale-kwale ne suka riƙa fito da tsofaffi da ƙananan yara daga gidaje, kuma gidajen 'yan'uwa da abokan arziki da ke tudu ne suka fara karɓar waɗanda suka tsira da tufafin jikinsu kaɗai.

Daga irin wannan ne masana tsara birane ke maganar juriyar birni, wato ƙarfin da gari ke da shi na hango bala'i kafin ya zo, ya sha bugunsa ba tare da ya durƙushe ba, sannan ya miƙe bayan ya wuce. An daɗe ana auna wannan ƙarfi da siminti da ƙarfe: tsawon magudanan ruwa, ƙwarin gadoji, yawan motocin kashe gobara. Waɗannan duka gaskiya ne, amma abin da aka gani a birane da yawa ya tilasta wa masana ƙara wani ma'auni da ba a gani a taswira, wato irin sanin da mutanen unguwa suka yi wa juna da kuma sabon da suka yi da yin aiki tare.

Birnin Kobe na Japan ne ya fi fito da wannan a fili. Da ƙarfe 5:46 na asubahin 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin da kewayensa, ta kashe sama da mutum 6,400. Japan ƙasa ce mai arziki, mai ƙwararrun 'yan kwana-kwana, amma hanyoyi sun toshe, bututun ruwa sun fashe, kira ya yi wa ma'aikata yawa. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna cewa cikin kimanin mutum 35,000 da gine-gine suka danne aka ciro su, kusan 27,000 maƙwabta da iyalai ne suka tono su, ragowar kimanin 8,000 kuma 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da sojoji. A garin Hokudan da ke tsibirin Awaji, kusa da inda girgizar ta samo asali, mutane sun san ɗakin da kowane maƙwabci ke kwana, don haka ba su ɓata lokaci suna tonon gida gaba ɗaya ba, kai tsaye suka nufi inda shimfiɗar mutum take. Babu wata na'ura da za ta ba ma'aikacin ceto wannan sani, kuma babu kasafin kuɗin da zai saye shi a ranar da ake buƙatarsa, domin shekaru ne na gaisuwa da ziyara da zaman makoki suka tara shi. Bayan bala'in, hukumar birnin ta ɗauki darasin da muhimmanci, ta kafa ƙungiyoyin sa-kai na kare bala'i a yankin kowace makarantar firamare, suna atisaye tare da 'yan kwana-kwana.

A garuruwanmu wannan sani yana nan, kuma yana da masu riƙe da shi. Mai unguwa a Kano ko Zariya, da bulama a Borno, sun san gidan da aka yi baƙi da gidan da mai shi ya yi tafiya. Liman ya san wanda ya kwana biyu bai fito jam'i ba. Lasifikar masallaci, wadda ake cigiyar yaro da sanarwar jana'iza da ita, ta fi kowace sanarwar rediyo saurin tashin unguwa da tsakar dare. Akwai kuma wani ɓangare da masu kafa kwamitoci kan manta da shi: a unguwannin da namiji baligi ba ya wuce zaure, mata ne suka san cikin gida. Ungozoma, da malamar Islamiyya, da uwar adashi, su ne suka san wace mace ce ke da tsohon ciki, wace tsohuwa ce ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, wane ɗaki ne ginin ƙasarsa ya fara jiƙa daga tushe. Kwamitin agajin unguwa da aka cika da maza zalla ya san layi da bakin titi ne kawai, rabin unguwar kuwa duhu ne a gare shi.

Ceton rai a ranar bala'i shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar hankali, amma ba shi ne mafi nauyi ba. Tambaya mafi wuya ita ce ko talakawan unguwa za su iya gina abin da ke rage bala'in tun kafin ya zo. Amsa mafi gamsarwa da na sani ta fito ne daga Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa da ke arewa maso yammacin Karachi a Pakistan, inda mutane suka yanki filaye suka yi gini ba tare da tsarin hukuma ba. A ƙarshen shekarun 1970 ƙazanta na kwarara a tsakiyar layuka, cututtukan ciki sun addabi yara, danshi na cin tushen gidaje, hukumar birni kuma na cewa ba ta da kuɗin shimfiɗa bututu a unguwar da ba ta ma amince da halascinta ba. A 1980 wani masanin zamantakewa mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a wurin. Bai zo da kuɗin gini ba. Ya shafe watanni yana yawo yana sauraron mutane, har ya fahimci cewa mutanen da suka iya gina gidajensu da guminsu ba rashin niyya ne ya hana su gyara layinsu ba. Abubuwan da suka tare su su ne zaton cewa wata rana gwamnati za ta zo ta yi musu kyauta, da tsadar aikin idan aka bi farashin 'yan kwangila, da rashin ilimin awon gangare da girman bututu, da kuma rashin wani tsari da zai haɗa kuɗin maƙwabta ba tare da zargin cin amana ba.

Maganin da aka samo ya ginu ne a kan layi guda, mai gidaje kamar 20 zuwa 40, domin a irin wannan adadi kowa ya san kowa, kuma wanda ya ƙi biyan kasonsa zai haɗu da maƙwabtansa kullum a ƙofar gida. Mutanen layi su ne ke zaɓen shugabansu, shi ke tara kuɗi, shi ke sayen kaya, shi ke ba da lissafi. Ma'aikatan shirin ba sa taɓa kuɗin ko kaɗan. Nasu shi ne su auna ƙasa, su zana taswira, su fitar da ƙiyasi, su ba da aron kayan aiki da allunan zuba kankare, su kuma sa ido kada a kuskure gangare. Da aka sauƙaƙa zanen, aka cire ribar ɗan kwangila da na-goro, aka kuma sa ƙarfin mutanen layi a haƙa, sai kuɗin aikin ya faɗo ƙasa warwas idan aka kwatanta da na hukuma. Layin farko ya ɗauki watanni kafin ya yarda, amma da maƙwabtan layuka suka ga an wayi gari tsakar layi a bushe, yara na wasa a inda da ba a iya takawa, sai su da kansu suka riƙa zuwa neman a auna musu nasu. A cikin shekarun da suka biyo baya gidaje sama da 100,000 suka shiga, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na layukan Orangi suka samu bututun ƙarƙashin ƙasa da kuɗin mazaunansu.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a labarin Orangi shi ne iyakar da masu shirin suka shata wa kansu. Sun raba aikin gida biyu. Na ciki, wato masai a cikin gida, da bututun layi, da ƙaramin bututun da ke tattara na layuka, wannan na jama'a ne. Na waje, wato manyan magudanan da ke ratsa birni da wuraren tace ƙazanta, wannan na gwamnati ne, kuma ba su taɓa riya cewa karo-karon talakawa zai iya ɗaukarsa ba. Hasali ma, a shekarun farko ƙazantar da layukan suka tattara cikin rafukan da ke ratsa unguwar take zuba, matsalar ta tashi daga ƙofar gida ta koma gaba. Abin da ya sauya shi ne mutanen sun samu bakin magana. Matasan unguwa da aka koya wa awo sun zana taswirar layuka da magudanai, har ta kai hukumomin birnin na dogaro da waɗannan taswirori domin sun fi nasu cika. Wanda ya je ofis da taswira a hannu da shaidar cewa ya gama nasa kason, ba roƙo ya je yi ba. Kuma aikin bai kasance marar haɗari ba: Perween Rahman, wadda ta jagoranci shirin, bayan shekaru tana zana taswirar filayen talakawa da bin diddigin masu satar ruwan famfo suna sayarwa, an harbe ta har lahira a ranar 13 ga Maris na 2013 a kan hanyarta ta komawa gida.

Idan aka ɗora wannan a kan aikin gayya da muka gada, za a ga inda muke da ƙarfi da inda muke yoyo. Niyya ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai sun daɗe suna yashe kwatoci, suna cike zaizayar maƙabarta, suna karo-karon gyaran taransifoma da rijiyar burtsatse. Na sha tsayawa a irin wannan gayya gab da faɗuwar damina: matasa sun naɗe wando zuwa gwiwa, wani da shebur, wani da manjagara, wani na tura baro, ana fito da baƙar laka mai haɗe da ledojin fiya-wata da robobin lemo, ana tara ta tsibi-tsibi a bakin kwata, wani dattijo ya aiko da kunun zaƙi a bokiti, kafin azahar ruwa ya fara gudu. Daga nan sai a jira motar kwashe shara. Mako ya wuce ba ta zo ba, tsibin ya bushe, awaki da ƙafafun masu wucewa suka baje shi, ruwan farko ya sauko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Ko da an kwashe ma, kwatar layin tana ƙarewa ne a wata babbar magudana da ta cushe shekara da shekaru, wadda babu shebur ɗin da zai iya da ita. Matasan da suka ga haka sau biyu ko uku ba za su fito a karo na huɗu ba, kuma ba lalaci ne ya hana su ba. Lissafi suka yi. Abin da Orangi ta samu wanda gayyarmu ta rasa shi ne mai awo da zai ce ga inda ruwan zai bi, da kuma yarjejeniya bayyananniya cewa idan jama'a sun kawo aiki bakin titi, hukuma za ta karɓa daga nan.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa jama'a ba kullum ne suke ɓangaren magani ba. Tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, waɗanda suka zama matattarar ruwan sama, suna shanye ambaliya kafin ta shiga ɗakuna. Da ƙasa ta yi tsada, sai aka riƙa cike su da shara, a yanka fuloti, a yi gini, wani lokaci da hannun masu iko, wani lokaci da hannun mutanen unguwar kansu, har da masu kyakkyawar niyyar gina makaranta ko masallaci. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Haka nan mai ƙara shago a kan magudana da mai zuba shara a kwata idan hadari ya haɗu, da fatan ruwa zai tafi da ita, duk 'yan unguwa ne, kuma sau da yawa kunyar ido ce ke hana maƙwabta yi musu magana. Zumuncin da ke sa a ciro mutum daga ruwa shi ne dai ke sa a kau da kai idan ya toshe hanyar ruwan, kuma a nan ne ake buƙatar dokar da ba ta san ɗan wane ba.

Akwai kuma batun wanda ake ƙirgawa a cikin jama'ar. Maiduguri ta nuna karamcin da ba kasafai ake ganin irinsa ba a shekarun rikicin Boko Haram, domin mafi yawan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane ne suka karɓe su, ɗaki ɗaya ya koma na iyali biyu. A 2013 kuma matasan gari, waɗanda aka fi sani da 'yan kato da gora, suka yi amfani da sanin da suka yi wa unguwanninsu suka taimaka aka fatattaki mayaƙan daga cikin birnin, ko da yake ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi wasunsu da wuce gona da iri, abin da ke nuna cewa ƙarfin jama'a ma yana buƙatar linzami. Amma a kowane birni, wanda ya zo daga baya shi ke samun wuri mafi arha, wuri mafi arha kuma shi ne kwari da bakin rafi. Ɗan haya, da ɗan ci-rani, da bazawarar da ba ta da namiji mai shiga taro, da almajirin da ke kwana a zaure, su ne suka fi kusa da haɗari, su ne kuma suka fi nisa da mai rubuta sunaye idan kayan agaji sun iso. Jerin sunayen da aka rubuta bayan bala'i, cikin gaggawa da turereniya, kusan kullum yana fifita sanannu. Wanda aka rubuta tun da rani, gida-gida, aka karanta shi a bainar jama'a kowa ya ji, ya fi wuyar murɗawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi kafin bala'i shi ne wurin da haɗuwar hukuma da unguwa ta fi saurin biya. Yankin da yanzu ake kira Bangladesh ya yi asarar aƙalla mutum 300,000 a guguwar teku ta 1970. Bayan haka gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa rundunar 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyukan gaɓar teku, dubun-dubatar maza da mata, waɗanda ke karɓar saƙon masu hasashen yanayi su bi gida-gida da lasifikar hannu da tutoci suna kai mutane mafakar da gwamnati ta gina. Guguwar Sidr ta 2007, duk da ƙarfinta, mutanen da ta kashe, bisa alƙaluman hukuma, ba su kai 5,000 ba. Tauraron ɗan'adam da ginin mafaka na hukuma ne, muryar da mutum zai yarda da ita har ya bar gidansa da dabbobinsa kuma ta maƙwabcinsa ce. A Nijeriya hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta lura da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin ɗakin taron da aka ƙaddamar da rahoton da kunnen ladanin da ke riƙe da makullin lasifika. Sanarwar da ta ce mazauna wuraren da ke kwari su ƙaura zuwa tudu ba ta gaya wa magidanci mai 'ya'ya tara wane tudu ba, wa zai buɗe masa makarantar da zai sauka, wa zai tsare masa gida daga ɓarayi. Waɗannan tambayoyi a unguwa kaɗai ake iya amsa su.

Saƙon kuma ya kamata ya riƙa tafiya ta fuska biyu. Kwanaki kafin Alau ta ɓalle, mutanen da ke zaune kusa da ita sun ga yadda ruwa ke hauhawa sun nuna fargaba, jami'ai suka kai ziyara suka kwantar wa jama'a da hankali. Manomi da masuncin da ke kallon madatsa kullum su ne ma'aunin da ya fi kowane arha, idan akwai wanda aikinsa ne ya saurare su ya kuma ɗauki mataki.

A nan ne nake ɗari-ɗari da yawan yabon juriyar talakawa da ake ji a bakin manya bayan kowane bala'i. Yabon gaskiya ne, amma yana da daɗin fakewa. Madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986, ta taɓa jawo wa Maiduguri babbar ambaliya a 1994, shekara 30 cif kafin ta 2024. Babu gayyar da za ta yashe madatsa ko ta gyara mafitar ruwanta, babu adashin da zai gina gada a kan Ngadda. Lokacin da gwamnatin tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 80 domin sake gina madatsar a farkon 2025, ta ɗauki kason da tun asali nata ne. Kason unguwa ya fi wannan ƙanƙanta a kuɗi, kuma har yanzu yawancinsa a ƙwaƙwalwar mutane yake ba a takarda ba. Dattawan da suka ga ruwan 1994 sun san layin da ya fara cika da hanyar da ta rage a buɗe, amma da yawansu sun rasu ko sun tashi kafin ruwa ya dawo, unguwannin kuma sun cika da mutanen da ba su taɓa jin labarin ba. Ruwan 2024 ya bar zanen laka a jikin katangun Gwange da sauran unguwannin da ya shiga, a wani gida iya ƙugu, a wani har saman taga. Matasa kaɗan da aka koya wa awo, kamar na Orangi, za su iya bi layi-layi su rubuta tsawon kowane zane, su tambayi masu gida ƙarfe nawa ruwan ya iso da kuma ta inda suka fita, kafin masu gyaran gida su gama shafe katangun da sabon fenti.